Layi na Goma Sha Tara

…kuma wai ni ce zan faɗa. Ni. Ni da na tsaya a aji huɗu, nake bin rubutu da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa — ni ce zan ce ta sa hannu ko kada ta sa. Kana jin 'yarka, Dogo? Shekara bakwai kana kwance a ƙasa, yau ta biyo ni har ɗakinka da takarda, ta ajiye a kan teburinka, ta ce, "Kaka, ƙarfe biyar za a rufe. In kin ce kada in taɓa aikin Baba, ba zan taɓa ba." Ta juya ta fita. Ko zama ba ta yi ba.

Uku da rabi yanzu.

Takarda biyu ce, ta buga da manyan baƙaƙe saboda idona. Ƙarƙashin kowane layi ta bi da biro ta rubuta mini da yarenmu. Jerin abin da aka canza, in ji ta. Layi talatin da ɗaya. Naka ne na goma sha tara. Ba su sa ka a farko ba, ba su sa ka a ƙarshe ba. Tsakiya. Inda ido yake gajiya.

Bari in sake bi. Layi na huɗu: in an raba bakwai gida biyu, da yana ba da uku ya haɗiye sauran, yanzu zai ba da uku da rabi. To, madalla. Sai yanzu suka gano rabi? Ni tun ina yarinya na san in an raba ƙwai bakwai ga yara biyu akwai wanda zai yi kuka. Na tara: an canza wa wani abu suna, amma zai ci gaba da amsa tsohon sunan har fitowa biyu. Har suna ma wa'adi ake ba shi. Na sha biyu: jera abubuwa ya ƙara sauri. Sauri zuwa ina? Wa yake korarsu? Na sha takwas: an toshe wata ɓaraka da ke sa inji ya cika ciki ya tsaya. Na sha tara —

An cire mai cankar rana da lokaci.

Kalma bakwai. Na ƙirga. Asabar ɗinka da Lahadinka na shekara uku, a kalma bakwai.

Yare, in ji ku. Yaren da ake yi wa kwamfuta magana, a rubuta mata umarni layi-layi, ta karanta ta aikata. Na ce maka yare ai na mutane ne, wanda aka sha a nono. Ka yi dariyar nan taka da ba ta fitowa sai ta hanci, ka ce, Inna, wannan ma mutane ne suka haɗa shi, kuma har gobe ana haɗa shi, ba a gamawa. Mutum ɗari da wani abu, a garuruwa daban-daban, ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba, kowa yana kawo bulonsa. Kai ma ka kai naka. Ba wanda ya aike ka, ba wanda ya biya ka. Ka dawo daga aikin da ake biyanka, ka zauna a kujerar nan — wannan, da nake kai, da ƙafarta ɗaya take rawa — shayi ya huce a gefenka, in ɗauke in kawo wani, shi ma ya huce. Matarka ta tsaya a bakin ƙofa da yarinya a hannu. Ka ce minti biyar. Minti biyar ɗinka, Dogo… ita dai ta yi wani auren yanzu, tana can nesa, ban ga laifinta ba. Na ga laifinta, amma kaɗan.

Abin da ka yi ɗin, ka yi mini bayani, 'yarka ma ta yi mini sau uku. Mutum ya rubuta kwanan wata yadda ya ga dama — ya sa wata a gaba, ya sa rana a gaba, ya manta sifiri, ya rubuta a karkace. Naka ba ya tsayawa ya ce ban gane ba. Sai ya duba, ya ce ai na san abin da bawan Allahn nan yake nufi, ya gyara masa, ya wuce. Ba ya tona wa kowa asiri. Me ya fi wannan kyau? Ku gaya mini. A duniyar da kowa yake jiran ka yi tuntuɓe ya nuna ka da baki, ɗana ya yi abin da yake rufa wa mutane asiri, su kuma sun zauna sun ce shi ne aibin.

Ba a fitar da sabon yare gaba ɗaya, in ji Mitsi. Har yanzu Mitsi nake kiranta, sunan da ka sa mata ranar da aka miƙo maka ita ba ta kai tsawon hannunka ba. Shekara ashirin da uku, ta fi ni tsawo, ta shiga cikin mutanen nan ɗari da wani abu, har suna sauraronta. Sai an yi ta fitar da na gwaji, ta ce, kamar tela yana kiranka ka zo ka gwada riga — na ɗaya, na biyu, na uku — kowanne da takardarsa. Tela. Telan da yake kiranka gwaji ya yanke maka hannun riga ya ce ai ba a yayinsa.

Na ɗaya, wata huɗu ke nan. Ta sa shi a tsohon injinka, kwamfutar nan ta kan tebur, wai in ya yi aiki a wannan gyatumar zai yi a ko'ina. Injin da ka bar mini. Ɗan rubutun da ka yi mini saboda magani — ƙararrawa ta buga, allo ya haska, Inna, farar ƙwaya ɗaya. Inna, ja biyu, bayan abinci. Shekara tara yana kirana Inna. Bakwai daga ciki ba ka nan. Ba na son maganin, kai ma ka sani. Kiran nake zuwa ji.

Ranar nan da safe ƙararrawa ta buga, na zo, sai ga wani rubutu rawaya a ƙarƙashin naka. Na kira ta. Ta leƙo da burodi a baki, ta karanta, ta ce gargaɗi ne, yana cewa wannan hanya ta tsufa, za a cire ta nan gaba. Na ce wace hanya? Ta ce ta Baba.

Ta Baba. Tana tauna.

'Yarka ba ta iya lulluɓe magana ba. Ba ta gado ka ba, wallahi. Matar mai gyaran takalmi ta ƙasan bene ta ce ni ta gado. Ƙarya ne. Ni bakina yana da kaifi a kan abin da bai kai ya kawo ba — gishiri, wanki, wanda ya bar famfo a buɗe. Ita a kan komai.

Na biyu. Ba su cire ba tukuna, sun mayar da shi wani lungu, wurin tsofaffin kaya. Wanda yake so sai ya kira shi da sunansa, ya roƙa, sannan a fito masa da shi. In bai roƙa ba, kamar babu. Na san wannan lungun. Duk tsohuwa ta san shi. Ɗakin baya, kusa da banɗaki, inda ba a jin tarinka in an yi baƙi. Ba a kore ka ba ai. Wa ya kore ka? Kana nan. Sai dai in an tuna.

Ni ba a mayar da ni ba, kada in ɗauki alhakin yarinya. Ɗakina yana nan, ita take share shi. Ita take yanke mini farcen ƙafa, tana yi tana mita wai kamar ƙahon rago. Amma na san lungun.

Me nake cewa… na uku. Wannan na yau ke nan, wanda za a rufe ƙarfe biyar.

Ran Litinin ta gwada shi tun kafin a rufe, a injinka, ba tare da naka ba. Ƙararrawa ba ta buga ba. Allo ya cika da jan rubutu kamar an yanka kaza a kai. Na ce kin kashe shi. Kin kashe shi, Mitsi, kin huta? Ta jawo kujera, ta buɗe rubutunka tana bi, tana bi, sai ta tsaya. Ta ce in kawo katin likita. Tsohon, na cikin gwangwanin allura da zare. Ta ɗora shi kusa da allo.

Kati ya ce ƙarfe biyu na rana. Kai kuma yatsanka ya zame, ka buga huɗu da biyu a manne. Arba'in da biyu. Babu ƙarfe arba'in da biyu a duniyar Allah. Sabon ya gani ya tsaya cak, ya yi ihu, ya ce wannan ba lokaci ba ne, ku zo ku duba. Naka kuwa… naka ya duba, ya ce ai na san abin da yake nufi. Ya zubar da biyu, ya riƙe huɗu. Shekara tara ina shan ƙwayar ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu.

To na mutu? Na ce mata, na mutu ne? Ga ni nan ina ɗaukar bokiti. Ta ce, Kaka, ke kin yi sa'a, naki ba ya damuwa da awa biyu. Ta buɗe wata wasiƙa, doguwa, wata mata ce ta rubuto musu daga wata ƙasa, mai kula da ɗakin ajiyar magani. Ranar uku ga watan tara, naka ya karanta mata tara ga watan uku. Wani wuri ya canka daidai, wani wuri ya juya, bai ce uffan ba. Ta zubar da magani mai kyau, ta ajiye wanda ya lalace a ma'aji, wata biyar ba ta sani ba. Ba ita kaɗai ba. Wasiƙu arba'in da wani abu, Mitsi ta tara su wuri ɗaya, ita da kanta. Ita ta tara. 'Yar cikinka ta bi gida-gida tana tattara masu ƙararka.

Tun ranar ban yi mata magana ba. Kwana uku. In dafa, in zuba, in ajiye mata a bakin ƙofa. Ta ce Kaka ina kwana, in kalli bango. Ta ce Kaka na gyara miki ƙararrawa, yanzu biyu za ta buga, in kalli bango. Bangon ma ya gaji da ni.

Huɗu ta yi.

Ji. Shiru. Jikina ya miƙe da kansa, hannuna ya nufi kwalbar — na riga na sha tun biyu, na sani, ta buga da biyu na zo na sha. Amma cikina bai yarda ba. Huɗu ce lokacinmu. Rana ta faɗo ta tagar nan ta kwanta a kan tebur, motar ɗibar yara ta tsaya a kwana, mai shagon ƙasa ya kunna rediyonsa, kai kuma ka ce Inna. Ashe kuskure ne. Ashe duk la'asar ɗin nan da nake zuwa in zauna in ce na'am, Dogo, na ji — zamewar yatsa ce. Da ka buga daidai, da biyu, lokacin ina tsakiyar wanke-wanke, da ban ma zauna ba.

Wa ya ce ta gaya mini? Wa ya tambaye ta?

Al'adarsu ce, wai, kowane layi a takardar canji sai an sa sunan wanda ya yi shi a gaba. Ga su nan, suna bayan suna, wasu ban iya furta su ba. Wanda ya gano rabi, ga sunansa. Wanda ya toshe ɓaraka, ga nasa. Kai ma an taɓa sa naka. An ƙara mai cankar rana da lokaci, sai sunanka. Ka buga a takarda ka kawo mini kicin, kana riƙe da ita da hannu biyu, ƙato da kai, gemu da komai, kamar ranar da ka kawo sakamakon aji ɗaya. Hannuna da mai. Na ce ajiye can kada ta ɓaci. Ban karanta ba a ranar. Sai bayan… tana cikin akwatina, ƙarƙashin zanen da ba na ɗaurawa.

Layi na sha tara, gabansa fili. Ba suna.

Babbansu, mai farin gemun nan da yake magana ta allo kamar yana cikin rijiya, shi ya ce a bar wa Mitsi. Wai ita ta rubuta sabon da zai maye gurbi, kuma ita ce 'yarka, in tana so ta cire da hannunta, in ba ta so shi zai cire ƙarfe biyar. Ladabi ke nan a wurinsu. Ya ce ya san ka, wai kai mutumin kirki ne, ba ka taɓa yi wa kowa musu ba a shekara uku. Ya san ka! Bai taɓa ganin tsawonka ba. Bai san kana sunkuyawa in za ka shiga ƙofar kicin ba.

To ka gani? Ko na ce e, ko na ce a'a, cirewa za a yi. Ba a tambaye ni ko za a yanka ba. An tambaye ni wa zai riƙe wuƙar. Wannan ita ce girmamawar da aka yi wa tsohuwa.

In ce kada ta sa. In ce bari baƙo ya yi, mai gemu, can cikin rijiyarsa, in samu wanda zan tsana hankalina kwance. Baƙo yana da daɗin tsana. Ba ya yanke maka farce. Amma sunanta a gaban kalmar an cire, sunan da rabinsa naka ne, yana nan har abada, duk wanda ya buɗe ya gani — uban ya sa, 'yar ta cire. Me mutane za su ce? Waɗanne mutane? Mutum ɗari da wani abu da ba su san ni ba. Matar mai gyaran takalmi ta ce, yo ke kuwa, a kan rubutu kike wannan kumburi? Ita 'ya'yanta biyar duk suna raye, biyu ma suna cin abincinta har yau. Ta sami bakin magana.

Bai taɓa yi wa kowa musu ba…

Haka ne. Ba ka taɓa ba. Wa ya fi ni sani?

Babanka in ya dawo daga tuƙi, kwana huɗu a hanya, idonsa ja, ba ya maimaita magana. Ya ce kawo mini abin nan. Wane abu? Kada ka tambaya. Na ja ka bayan ƙofa, kana da shekara shida, na riƙe kunnenka — ba da ƙarfi ba, Allah ya sani ba da ƙarfi ba — na ce yaro mai hankali ba ya cewa ban gane ba. Ka kalli fuskarsa, ka kalli hannunsa, ka canka. In ya yi kuskure kada ka nuna masa, ka gyara ka yi shiru. Ka koya. Kai, ka koya! Ya ce abin nan, ka kawo ashana. Ya ce abin nan, ka kawo takalmi. Sau tara cikin goma ka dace. Na goman kuma ka sha mari, ba ka yi kuka ba, ka koma ka kawo wani. Maƙwabta suna cewa ɗanki kamar yana karanta zuciya. Ina jin daɗi. Ina kumbura kamar kazar da ta yi ƙwai. In aike ka shago in manta rabin saƙon, ka dawo da shi cikakke. Malaminku ya rubuta lissafi ba daidai ba a allo, ka gyara a littafinka, ba ka ɗaga hannu ba, ka dawo ka ba ni labari, na shafa kanka na ce haka ake yi.

Haka ake yi.

Ni dai gidan nake so ya zauna lafiya. Laifi ne? Ɗaki ɗaya, mutum mai zafin hannu, yaro ƙarami. Me zan koya maka, ihu?

Sai ciwon. Ba na son zuwa nan. Kullum in na zo nan sai in tashi in sa ruwa a wuta… ba zan tashi ba, ƙafata ta yi tsami. Shekara guda kana dafe ciki in ka ɗauka ba a ganinka. Ina gani. Na ce mene ne? Ka ce ba komai, Inna, gajiya ce. Wandonka ya fara zamewa, ka huda wa bel sabon rami da ƙusa, na tsinci ƙusar a kan teburin nan. Ba komai, Inna, yaji ne ya yi mini yawa. Ka duba ciwonka, ka ce ai na san abin da yake nufi. Ka sayi farin ruwan nan na kwalba kana kurɓa. Ka gyara, ka wuce.

Ni kuma na karɓa. Wannan ne… na karɓa, Dogo. Na ji ba komai, na san da komai, na ɗauke kai na ci gaba da yanka albasa, don ɗana ba ya ƙarya, ɗana mai hankali ne, in ya ce gajiya to gajiya ce. Ya fi sauƙi.

Barandar asibiti, benci mai sanyi, likita ƙaramar mace da takalmin roba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, Mama, me ya sa ba ku zo da wuri ba? Wata shida da suka wuce da akwai abin yi. Mitsi tana gefena da kayan makaranta, shekara sha shida, jakarta a kan cinya. Ta ji. Na so in toshe mata kunne, hannuna bai tashi ba. Ba ta yi kuka ba a wurin. Ta kalle ni, ta kalli ƙofar ɗakin da kake, ta ce, "Ya sani?"

Tun ranar ne, ashe. Da ba haka take ba, da yarinya ce mai noƙe-noƙe, in baƙo ya zo ta ɓuya bayan labule. Tun ranar ta daina barin magana ta kwana. Miya ta yi gishiri, ta faɗa. Ƙafarki ta kumbura, Kaka, tashi mu je. Malami ya yi kuskure, hannunta a sama, har aka kira ni makaranta sau biyu. Ni ina cewa rashin uba ne ya ɓata ta. Ina cewa ba ta da kunya.

Sabon nata da ta rubuta, na tambaye ta kafin mu ɓata, na ce shi me yake yi da ya fi na ubanki? Ta ce ba ya yin komai, Kaka. In bai gane ba sai ya tsaya ya ce ban gane ba, ya nuna wurin. Shi ke nan. Na yi tsaki, na ce wannan ai ko jaki ya iya.

Shekara biyu ta yi tana rubuta shi. A ɗakinta, ba a nan ba. Ba ta taɓa zama a kujerar nan ba sai in gwaji ya kama, ta yi ta tashi kamar kujerar tana da zafi.

Ba ƙararka take tarawa ba…

A'a. Kada in yi saurin yafe mata. Ta iya bari. Ta iya cewa ku nemi wani, ni ubana ne. Akwai abin da ake bar wa matacce ko da karkatacce ne. Wa ya ce komai sai ya miƙe? Ƙofar kicin ɗin nan a karkace take tun da muka shigo, ta hana mu cin abinci? Abu ɗaya ka bari a duniya da yake motsi, yake aiki a garuruwan da ba ka taɓa takawa ba, kullum, yanzu haka ma wani yana can yana rubuta kwanan wata a karkace kana gyara masa. Ƙarfe biyar ka daina. Mutuwa ta biyu, kuma wannan da takarda, da lambar layi.

Amma matar nan mai ɗakin magani. Wata biyar. Wa ya sha abin da ta ajiye? Ɗan wa?

Ban san matar ba. Ba ruwana da ita. Me ya sa nake ganinta da takalmin roba?

Biyar saura kwata. Ga takunta a baranda, ba ta iya tafiya a hankali ba, dugu-dugu kamar ubanta. Ta tsaya. Ba ta ƙwanƙwasa ba. Ina ganin inuwar ƙafafunta ta ƙarƙashin ƙofa, da hasken kwamfutarta da ta rungumo. Jira take. In na yi shiru har biyar, ta ɗauka a'a ce, mai gemu ya yi aikinsa, ni ban ce komai ba, ita ba ta yi komai ba, kowa ya tsira. In dafa, in zuba, in ajiye a bakin ƙofa. Nan da wata guda mu fara gaisawa. Ba wanda zai sake tayar da maganar. Na iya wannan. Ni na ƙirƙiro shi a gidan nan.

"Shigo. Kin tsaya kamar mai bara."

Muryata ta shaƙe, kwana uku ba ta yi aiki ba. Ta shigo. Idonta ya kumbura, wawiya, ashe kuka take yi a can.

"Ba a ɗakinki za ki yi ba. Nan. Kan teburinsa. In za ki cire ubanki, ki cire shi ina kallo."

Na tashi na ba ta kujerar. Ta zauna a baki-baki, ƙafar kujerar ta yi rawa, ta dafe tebur. Ban yafe ba, Dogo, kada ka ɗauka na yafe. Baƙo ne dai ba zai taɓa ka ba. Yatsunta a kan madannai, dogaye, naka ne sak, har lanƙwasar ƙaramin. Ta buga. Ta tsaya. Ta sake karantawa, leɓenta yana motsi, sau ɗaya, sau biyu — ba ta yarda da yatsanta ba, ita. Layukan da take cirewa suna komawa ja, da yawa, sun fi yadda na zata, allo bayan allo. Duk wannan kai ka rubuta? Duk wannan, ina kawo shayi ina ɗaukewa?

Kofin ruwa yana kan taga. Na ɗauka da hannu biyu, na dama yana tallafe na hagu, kamar yadda nake yi sati uku ke nan, tun da yatsu biyun nan suka daina jin zafi da sanyi. Farantin da ya fashe ran Talata, na ce wa kaina sabulu ne. Tsufa ne. Kwanciya ce a kan hannu. Ai na san abin da yake nufi…

Ta daina bugawa. Ba allo take kallo ba.

"Kaka. Me ya sami hannunki?"

Ga su nan, kalma biyu, sun riga sun hau harshena, a shirye, sumul, ba sai na nema ba — su na ba ka, su ka mayar mini. Bakina a buɗe. Tana jira. Kofin yana rawa, ruwa yana zuba a kan zanena, ni kuma… ya ake faɗin ɗayan, Dogo? Da wace kalma ake farawa?